Saitin robobi da zoben kulle na gangar giya: abin da na gani bayan wata takwas

Tukunyar gas ɗina ta ƙare cikin kwana huɗu. Kilo 2 na iskar CO2 take ɗauka, iskar da ke ba giyar da nake dafawa a gida kumfa ta kuma turo ta famfo, kuma takan yi mini watanni kafin in sake cika ta. Ranar na kanga kofi a famfo, ya yi tari sau biyu ya yi tsit. Da na ɗaga tukunyar da hannu ɗaya sai na ji ta sakayau. Asarar gas ɗin ba ta ƙona mini rai kamar ta giyar da ke cikin gangar ba. Wuni guda na yi a tsaye ina dafa ta, na jira ta mako uku tana nuna, ga ta nan ta kwanta lamɓas, ko ɗigon kumfa babu.

Dalilin da ya sa na sayi saitin da zan yi bayani a kansa ke nan. A intanet na yi odarsa, ya iso cikin leda mai zif, ba sunan kamfani a jiki sai 'yar takarda da aka liƙa mai jerin abin da ke ciki. Robobin ganga biyar ne, kowace ganga zobe biyar: babba na murfi, biyu na bakunan sama, biyu ƙanana na bututun ciki. An ƙara zoben murfi biyu na silikon, ƙananan bawul biyu masu sifirin, ɗan kwalin man shafa roba, sai zoben ƙarfe biyu na kulle gangar Sanke, wato irin ta kamfanonin giya, da robarsu. Ganguna huɗu gare ni, uku irin Cornelius, ɗaya Sanke, saboda haka kusan komai na cikin ledar ya samu inda zai shiga.

Ga wanda bai saba da su ba, gangar Cornelius asalinta ta kamfanonin lemon kwalba ce. Ƙarfe ce marar tsatsa mai cin lita 19, galan 5 na Amurka ke nan, kuma da ita ake kai lemo injinan shaguna kafin a koma zuba ruwan lemon cikin leda a kwali. Da kamfanonin suka yi watsi da su, masu dafa giya a gida suka kwashe. Iri biyu ne. Akwai mai makullin ƙwallo, wadda aka fi sani da Pepsi, akwai mai makullin fil ta Coca-Cola, wadda bakinta na gas ke da fil biyu, na ruwa uku. Biyu daga cikin nawa masu ƙwallo ne, ɗaya mai fil. Duka na hannu na saye su, kuma sai da abin nan ya faru na zauna na yi lissafi cewa tun da suka zo hannuna zoben murfi kaɗai na taɓa canjawa. Sauran robobin wataƙila tun zamanin lemo suke ciki.

Kafin in kwance komai sai da na nemo inda iskar ke gudu. A nan zan ɗan tsaya, don da yawa a wannan gaɓar suke ɓata lokaci. Gejin da ke nuna matsin cikin tukunya ba ya gaya maka yawan abin da ya rage. Iskar a ruwa take a ciki, allurar kuma za ta tsaya wajen PSI 800 da ɗoriya (PSI ma'aunin matsin iska ne) a zafin ɗaki har sai ruwan ya ƙare kaf, sannan ta faɗi lokaci guda. Wanda ke son sanin gaskiya sai ya ɗora tukunyar a sikeli ya cire nauyinta na wofi da aka buga a wuyanta. Ni dai na juye giyar a wata ganga, na ɗura wa wofin iska har PSI 30, na cire tiyo, na bar ta ta kwana. Da safe na ja zoben bawul ɗin murfi, iska ta fito da ƙarfinta. Na sake ɗurawa, wannan karon na bar tiyon a jone na rufe kan tukunya. Kafin azahar allura ta kwanta. Wato ganga tana riƙe iska ita kaɗai, sai an jona mata tiyo take zubarwa. Zoben da ke wajen bakin gas ne, wanda kan tiyo ke hawa.

Da na cire shi da tsinken sakace na ɗaga shi a hasken taga, da fari ban ga komai ba. Sai da na matse shi tsakanin yatsu biyu tsagar ta buɗe baki, siririya kamar silin gashi, ta ratsa rabin kaurinsa. Gefen da ke gogar kan tiyo ya baje ya yi sumul, robar ta bushe ta yi tauri kamar fatar da ta sha rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan 'yar tsagar kilo 2 na gas ya bi ya fice.

To, robobin saitin. Takardar ta ce baƙaƙen Buna-N ne, wato robar naitiril, wadda ita aka saba sa wa waɗannan ganguna. Na auna su da kalifa, ƙarfen awon kauri da faɗi, don in tabbatar ba a cuce ni ba. Na bututun ciki sun yi daidai da lamba 109, na bakunan sama 111, babban na murfi 417, a tsarin lambobin AS568 da masu sayar da zoben roba ke amfani da shi. Ƙananan kaurinsu milimita 2.6, babban kusan milimita 7. Cikin zobe ashirin da biyar, biyu ne na ware gefe saboda bakin da injin ya haɗa su ya bar musu ɗan tudu da ake ji da farce. Sauran sumul suke, kuma ba su da warin taya mai hawa kai da na taɓa ji a wasu. Duk da haka sai da na wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke kayan giya kafin su taɓa ganga.

Kwance bakunan sama yana son sifana mai zurfin kai. Nawa masu ƙwallo ɗaya ta ci inci 7/8, ɗaya 11/16, kuma bakin gas na ɗayar mai tauraro ne, sai kan sifana mai kusurwa 12 ya kama shi. Mai fil ɗin kuwa sai an samu kan da aka tsaga don fil ɗin su shige. Wata shawara da nake so kowa ya riƙe: ganga ɗaya za ka kwance a lokaci guda. Haƙoran bakunan ba iri ɗaya ba ne a duk ganguna, akwai inci 19/32, akwai 9/16, akwai 5/8, ya danganta da kamfanin da ya ƙera. Idan ka zube bakuna shida a roba ɗaya kana wankewa, za ka sha wahalar mayar da kowanne gidansa, kuma wanda aka ɗaura da ƙarfi a inda ba nasa ba sai ya ci haƙoran ganga. Ko a ganga ɗaya ma bakin gas da na ruwa sun bambanta, na gas yana da 'yan tsaga a gindinsa. Kan tiyo mai ruwan toka na gas ne, baƙi na ruwa. Idan aka musanya su yakan shiga da ƙyar ya ƙi fita.

Da na zaro dogon bututun ruwa na gangar farko na kai tsohon zoben hanci, ƙamshin lemo ne ya bugo ni, zaƙi-zaƙi, bayan duk wankin da gangar ta sha a hannuna. Ƙarfe ba ya riƙe wari, roba ke riƙewa. Akwai wata giya mai sauƙin ɗanɗano da na taɓa yi, na yi ta jin wani baƙon zaƙi a bayan harshe, na ɗora laifin a kan yis. A ranar na gane inda ya fito. Ko don wannan kaɗai saitin ya biya ni.

Sa sababbin bai ɗauki lokaci ba. Man shafawar da aka haɗo mai kyau ne, na kayan abinci, ba launi ba wari. Kaɗan ake lakata a yatsa a murza zoben har ya yi ƙyalli, ba a cika shi. Wanda ya yi yawa datti yake tarawa. Kada kowa ya kusanto da giris na inji wurin nan. A kuma san irin robar da ke hannu kafin a shafa mata komai, domin mai na fetur yana kumbura robar EPDM, man silikon kuma yana kumbura zoben silikon. Takardar saitin ba ta faɗi wane iri ne nata man ba. Saboda haka na silikon ɗin ban shafa musu ba, ruwan kashe ƙwayoyin cuta kawai na fesa musu suka yi santsi.

Zoben murfi na silikon ɗin nan su ne abin da na fi yabawa a ledar. Ɗaya daga cikin ganguna tana da ɗan lotsawa a leɓen bakinta, da alama ta taɓa faɗuwa. Murfin Cornelius daga ciki yake rufewa, iskar da ke ciki ce ke tura shi sama ya danne roba, maƙallin waje riƙe shi kawai yake a wurinsa. Shi ya sa ake fara buga masa PSI 25 zuwa 30 ya zauna, sannan a sauko 10 zuwa 12 da ake shan giya a kai in tana da sanyi. Wannan gangar da baƙin zobe sai na yi ta jan murfin sama da hannu ina ɗura iska kafin ta yi shiru. Da na sa na silikon, tun a PSI 10 ya kama, na fesa ruwan kumfa a kewaye ko ƙwaya ɗaya ba ta taso ba. Yana da taushi, yana bin lanƙwasar ƙarfen. Illarsa ita ce iskar oksijin tana ratsa silikon fiye da yadda take ratsa naitiril, oksijin kuwa shi ke tsufar da giya ya kashe mata ƙamshi. Don haka wannan gangar nake zuba abin da za a shanye cikin 'yan makonni. Wanda zai daɗe a ajiye yana shiga masu baƙin zobe.

Yanzu inda saitin ya gaza.

An rubuta a tallar cewa ya dace da mai ƙwallo da mai fil. Amma zoben bakin sama duk lamba 111 ne, alhali na mai fil 112 ya fi zama daidai, ya ɗan fi faɗi. Na ja 111 ɗin ya hau, ya kuma riƙe iska, sai dai a miƙe yake, ya sirance, kan tiyo yana ɗan girgiɗi a kansa. Wata uku ya yi na ga ya fara jiƙewa a bakin ruwa. Sai da na nemo 112 daban. Mai ganguna masu fil zalla ya san da wannan tun kafin ya saya.

Ƙananan bawul ɗin, waɗanda aka ce suna shiga kowane baki, sifirin ɗinsu ya yi tsawo a gangata. Na ɗaura, kan tiyo ya ƙi sauka ya kulle. Na yanke zagaye ɗaya da filaya, ya sauka amma ruwa na fita a tsiyaye. Na ƙara yanke rabi sannan ya daidaita. Yana aiki har yau. Sai dai wanda tsohon bawul ɗinsa bai lalace ba ya wanke shi ya mayar, ya ajiye waɗannan don ranar buƙata.

Babban abin da ke raina game da wannan saiti shi ne ɓangaren Sanke. Ita ce gangar da kamfanonin giya ke amfani da ita, baki ɗaya gare ta, gas yana shiga ruwa yana fita ta nan. Tawa ƙarama ce mai lita 19.5, irin tsarin D na Amurka, sabuwa na saya daga masu sayar da ganga. Na faɗi haka ne da gangan. Gangar da aka karɓo da giya a ciki aka ajiye kuɗin jingina ta kamfanin ce har gobe, kuɗin nan ba ciniki ba ne. A cikin wuyanta akwai bawul haɗe da dogon bututu har ƙasa, masu harkar suna ce masa mashi. Abin da ke riƙe da mashin shi ne zoben kulle: siririn ƙarfe mai faɗi da aka naɗe zagaye biyu kamar zoben makulli, yana kwance cikin wani kwarmi a wuyan ganga. Ƙarƙashin mashin kuma akwai robar da ke tare iska.

Saitin ya ba ni zoben da robar, amma ko layi ɗaya babu da ke cewa a fitar da iska kafin a taɓa shi. Wannan sakaci ne babba. Murfin Cornelius ba ya buɗuwa in akwai matsi a ciki, shi da kansa yake kare ka. Sanke ba ta da wannan rangwamen. Wuyanta ya kusa inci 2, kuma a PSI 30 ƙarfin da ke tura mashin sama ya kai nauyin kilo 35 zuwa 40. Akwai 'yan kunnuwa biyu a jikin mashin da aka yi don su tare shi, amma ba abin da mutum zai sunkuyar da fuskarsa a kai ya dogara da su ba ne.

Yayana, wanda gyaran firiji ne sana'arsa, yana wurin ranar. Na ɗauko ƙaramar sukudireba na nufi wuyan gangar, sai ya riƙe mini hannu.

"Dakata. Ka fitar da iskar?"

"Ai wofi ce, Yaya. Tun shekaranjiya ta ƙare."

"Giyar ce ta ƙare. Kwantar da ita."

Muka kwantar da ita a gefe, bakin yana kallon bango, don kada ragowar ruwan ya biyo bututu ya feso. Ya rufa tsohon tawul a kai, ya danna ƙwallon tsakiyar bawul ɗin da sifana. Iska ta yi ta huci har na ƙirga ashirin, tawul ɗin yana kaɗawa, ya jiƙe da kumfa mai tsami. Da ta yi shiru ya jira kaɗan ya sake dannawa, wata 'yar iska ta kuma fitowa. Sai a karo na uku ya miƙo mini sukudirebar. Ban ce komai ba, don na ga abin da idona.

Cire tsohon zoben ba wuya. A wuyan gangar akwai tsaga, ta nan ake zura bakin sukudireba a ɗago wutsiyar zoben, a kama da filaya a yi ta warware shi a hankali har ya fito. Daga nan a ɗaga mashin a juya shi har kunnuwansa su zo daidai da tsagar, sai ya zaro. Tsohuwar robar ta baje ta zama kamar faifai. Tsohon zoben kuma ya ɗan buɗe wajen cirewa, ba ya kwanciya daidai a kan tebur, shi ya sa ba na mayar da wanda na riga na cire.

Mayarwar ce aiki. Sabuwar roba tana da kauri, tana ɗaga mashin sama har ya rufe rabin kwarmin da zoben zai shiga. Akwai na'urar da aka yi musamman don danne mashin, ba ta cikin saitin, takardar ma ba ta ambace ta ba. Mu da hannu muka yi. Yaya ya danne da katako, ni ina cusa zoben da filaya taki-taki ina zagayawa. Zagayen farko ya shiga lafiya. Na biyu sau uku yana tsalle ya fito, gefensa mai kaifi ya yanke ni a babban yatsa. Mun fi minti arba'in a kai. Da ya zauna na bi shi da fitila ina duba kowane gefe, don zoben da rabinsa ke waje ya fi wanda babu haɗari, tunda kana ganin kamar ya kulle. Na bar wutsiyarsa kusa da tsagar saboda cirewa ta gaba. Ƙarfen kansa ba ni da ƙorafi a kansa, kaurinsa ɗaya da na asali, kuma wata takwas cikin sanyi da raɓa bai nuna tsatsa ba.

Wasu masu dafawa a gida suna maye gurbinsa da zoben ƙarfe mai ƙofa biyu da ake matsewa da filaya ta musamman, don sauƙin buɗewa duk lokacin wanki. Na fahimci dalilinsu. Ni na zauna a kan irin na asali, na kuma sayi na'urar dannewar. Karo na biyu da na buɗe gangar, minti biyar ya ishe ni.

Wa zan ce ya saya? Mai ganguna Cornelius masu ƙwallo, musamman na hannu da bai san tarihin robobinsu ba, ya saya ya canja duka biyar rana ɗaya, kada ya tsaya a na murfi kamar yadda na yi. Mai fil ya haɗa da lamba 112. Mai Sanke kuwa, kayan suna da kyau, amma kada ya ɗauka ledar ta ƙunshi duk abin da yake buƙata. Ya nemi na'urar dannewa, ya kuma samu wanda ya taɓa yi ya tsaya a kansa karon farko. Na rubuta wa mai sayarwar na roƙe shi ya ƙara gargaɗin fitar da iska a takardar, da manyan baƙaƙe.

Wani abu da na ƙara koya a kan hanya: idan ganguna suna cikin firiza mai murfin sama, iskar da ta zurare ba ta tafiya ko'ina. CO2 ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan firizar yake taruwa. Ranar da tukunyata ta ƙare na zura kai ciki ina neman inda ke yoyo, numfashi ɗaya na ja hancina ya yi zafi idona ya kawo ruwa. A buɗe murfin a bar shi ya sha iska tukuna.

Yanzu duk ranar da zan cika ganga ina cire zoben bakunan sama in matse su a haske kafin in mayar. Sau ɗaya na sake samun mai tsaga, a bakin ruwa, inda na fi yawan cirewa da jonawa. Tukunyar da na cika bayan gyaran ta zuba ganga shida. Jiya na ɗora ta a sikeli, da sauran kusan rabin kilo a ciki.